Manyan Tayoyi a Baya, Surukina a Gaba

Ko da zan manta ranar da aka haife ni (dama labarinta aka ba ni), ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da aka kwance mini mota ɗaiɗai a bakin iyakar Jibiya, mutumin da nake neman auren 'yarsa yana zaune a kan benci yana kallo. Har yau in na tuna sai in ji gumi ya tsattsafo mini a ƙeya. Abin haushin kuma, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na nema, wallahi na nema, ban samu ba.

Ni malamin makaranta ne, mutumin Funtuwa, aiki ne ya kawo ni Jibiya. Kimiyya nake koyarwa (ku yi haƙuri, na san wannan zai ƙara wa labarin muni). A shekarata ta biyu a garin Allah ya hore mini 'yar mota, tsohuwar 'yar Kwatano ruwan toka, ƙarama, ba ta da wani aibu sai dai ba ta da kwarjini. In ta wuce ba mai waiwayowa. Kai, ko awakin bakin hanya sai sun gama abin da suke yi suke ba ta wuri.

A wannan shekarar ne kuma na haɗu da Saratu, na ji duk duniya in ba ita ba sai rijiya. Ita ba matsala. Matsalar mahaifinta ce, Alhaji Ilu, tsohon direba, wanda ya yi shekara arba'in yana jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi kafin ya ajiye makulli. Dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, kuma abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya: bai taɓa yin fito ba. Ga wanda bai san bakin iyaka ba, fito shi ne tsallakar da kaya a ɓoye, a fita da fetur a shigo da shinkafa, ta hanya ko ta daji. Alhaji yakan ce ko tiya ɗaya ta haram ba ta taɓa kwana a motarsa ba, kuma duk tashar ta shaide shi a kan haka. Kafin ni akwai wani saurayi mai hali sosai da ya nemi Saratu, Alhaji ya ji ƙishin-ƙishin ɗan fito ne, ko zaure bai bari ya sake takowa ba. Ni kuwa jarina ke nan a wurinsa, cewa malami ne ni, alli ne kawai a hannuna.

To, a gidansu uba ba ya ba da 'yarsa da kansa. Wansa ke bayarwa. Wan Alhaji kuwa, Baba Isuhu, yana Ɗan Isa, can tsallaken iyaka a ƙasar Nijar, tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba. Ya aiko cewa kafin manyana su zo, a kawo masa yaron ya gan shi da idonsa. Saratu ta kira ni tana murna ta ce, "Baba ya ce ranar Asabar mai zuwa ka zo da motarka, kai za ka kai shi."

Daga nan Shaiɗan ya samu wurin zama.

Na ce a raina, direba ai da mota ake burge shi. Mutumin da ya yi shekara arba'in a kan sitiyari, ba zan je in ɗauke shi a wannan kwalin ashanar haka nan ba. Dama na daɗe ina kallon wasu motocin tsere a waya, waɗanda tayoyinsu na baya suka fi na gaba faɗi, su yi wata irin tsayuwa kamar ɗan dambe ya ja tunga. Na karanta abin da aka rubuta a ƙasan hotunan, wai hakan na sa mota ta kama ƙasa. Ban karanta sauran ba, domin rubutun ya yi tsawo.

Ranar Litinin da aka tashi makaranta na zarce wurin Lawai mai faci, kusa da tasha. Lawai ya manyanta, furfura ta fara cin gemunsa, kuma tun da na sayi motar shi ke duba mini iska. Na nuna masa wasu tayoyi biyu jibga-jibga da ke jingine da bango, da wilinsu da komai, na ce su nake so a baya.

Ya dubi tayoyin, ya dubi motar, ya dube ni.

"Malam, wanga hwa ba takalminta ba ne. Duba lambar da ag ga naka, ɗari da tamanin da biyar. Waɗanga ɗari biyu da ashirin da biyar ne. Mi za ka ɗauka da ita?"

"Ba abin da zan ɗauka," na ce. "Tsari ne na zamani. Ƙanana a gaba, manya a baya."

"To ka ji. In ka sa su, sahwayarka ta tashi aiki, don ba ta yi daidai da su ba. Juyen taya da nike yi maka, na gaba su koma baya don su ci daidai, shi ma ya ƙare. Mai za ta ƙara sha. Kuma ko rami ka hwaɗa sai sun ci madigadi."

Kun san mu malamai, ba mu iya jin bayani daga bakin wani ba, mu muka saba yi. Na gyara tsayuwa na kawo masa darasin aji biyar kan yadda faɗin abu ke da alaƙa da kama ƙasa, har da zane da yatsa a jikin ƙurar but. Lawai ya saurara har na gama, ya ce, "Allah shi ƙara ilimi," ya jawo jak.

Ban yi nisa ba maganarsa ta fito. Tudun rage gudu na farko da na hau, sai na ji "ƙurrr" daga baya, warin roba ya biyo. Na koma. Lawai ya ce magani ɗaya ne, a mayar da tsofaffin. Na ce ai ba a fara abu a fasa, in madigadi ne ya yi ƙasa to a ɗaga shi sama. Sai ya nuna mini garejin maƙwabcinsa bakanike da leɓe.

Shi bakaniken ko tambaya ɗaya bai yi mini ba. Yana ganin tayoyin ya shiga ciki ya fito da wasu sifirin masu kauri, ƙarafan nan da ke ɗage jikin mota daga taya, kamar dama jirana yake. Kafin la'asar bayan motata ya ɗaga sama, hancinta ya duƙa, ta koma kamar akuya mai shan ruwa a kwatami. Da zan tafi ya matso ya rage murya ya ce, "Sabon shiga ne ko? Allah shi tsare hanya, shi rufe idon maƙiya." Na ce amin da ƙarfi, har ina jin daɗin yadda mutanen garin nan ke da addu'a.

Lawai ya yi ƙoƙarinsa na ƙarshe, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tare ni a bakin hanya ya ce, "Malam, ka kau san su wa ka yin haka garin ga?"

"Masu ido," na ce masa.

"To. Allah shi ba da sa'a."

Kwana huɗun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata ta mai mota. Gari ya canja mini. 'Yan acaɓa na ɗaga mini hannu. Mai shayin da na shekara biyu ina zama a teburinsa bai taɓa sanin sunana ba, ranar ya kira ni "maigida" ya ƙara mini madara. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya tsayar da ni ya ce in ba shi lambata, wai akwai magana. Na ba shi. Na ce a raina, ka ga abin da ake faɗa, mutum da shigarsa ake ganinsa. Saratu kuwa na ƙi nuna mata, wai ina so in ba ta mamaki. Da ta gani da ta cece ni, domin yarinyar da aka haifa a Jibiya ko a mafarki ta ga wannan motar ta san ta su wa ce. Ni ne dai baƙo, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Asabar da hantsi na faka a ƙofar gidan Alhaji, na sha shadda fara da hula sabuwa, na tsuguna a gefen mota ina jira. Ya fito da carbi a hannu, aka biyo shi da ƙullin goro da kular abinci na tsaraba. Na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya amsa, amma ba ni yake kallo ba. Ya zagaya motar sau ɗaya a hankali. Ya taɓa tayar baya da ƙafa. Ya ɗora tafin hannu a kan but ya danna, motar ko gezau. Ya ce, "Hmm."

Ni kuma na fassara wannan "hmm" da cewa dattijo ya ga aiki.

Na buɗe masa ƙofar baya, ya ce shi bai taɓa zama bayan direba ba, ya shiga gaba. Muka kama hanya. A nan na fara gane cewa motar da mutum ke tuƙawa shi kaɗai yana waƙa daban take da wadda yake tuƙawa suruki na gefensa. Saboda ta duƙa gaba, sai zamewa nake ina matsar sitiyari. Kowane ɗan rami sai bayan ya yi tsalle, kular abinci ta amsa. Da muka zo wata kwana na murɗa, motar ta yi kamar tana shawara da kanta kafin ta yarda ta bi. Na ga Alhaji ya kai hannu ya riƙe mariƙin da ke saman ƙofa.

Muna shiga Magama, inda cunkoso ke sa dole a rage gudu, sai na ga mutane na taso mana. Wani ya ɗaga hannu yana kira, "Direba, in ka dawo akwai lodi!" Wani ya biyo mu da sassarfa ya dafa ƙofata, ya leƙo kansa, kuma ashe mutumin nan ne da na ba lambata.

"Maigida, tun jiya nike kiranka! Buhu nawa take sha? Wagga ai ta ɗauki ashirin ba ta ji ba. Ta daji kake bi ko..."

Idonsa ya faɗa kan wanda ke gefena. Ya saki ƙofar kamar ta ƙone shi.

"A'a! Alhaji? Kai ne? Ina kwana... Ashe, ashe an shigo ciki?"

Carbin Alhaji ya tsaya. Ni kuwa a wannan daƙiƙar komai ya faɗo mini a ka lokaci guda, addu'ar bakanike, madarar mai shayi, tambayar Lawai. Na waiga gefen hanya, sai ga su a jere a ƙarƙashin bishiya, motoci huɗu ko biyar, kowacce baya a sama, tayoyin baya manya, hanci a ƙasa. Shekara biyu ina wuce irinsu kullum ban taɓa tambayar dalili ba. Ana ɗaga su ne don in an danƙara musu buhuna su dawo daidai. Tawa ta fi su duka ɗagawa, kuma ita kaɗai aka wanke.

Na buɗe baki zan yi bayani, Alhaji ya ce, "Tuƙa."

Ko da muka iso shingen kwastan, ban ma kai ga tsayawa ba wani jami'i ya nuna mini gefe da sanda. "Faka can. Kashe ta. Fito." Da ya zagayo ya ga Alhaji sai jikinsa ya yi sanyi, domin ya san shi, kowa a wurin ya san shi. Ya gaishe shi da ladabi, ya sa aka kawo masa benci a inuwa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, aiki ne. Irin wannan motar ba ma barinta ta fita sai mun duba tanki na biyu."

"Yi aikinka, ɗana," in ji Alhaji. Ya zauna ya ɗora hannu biyu a kan gwiwa.

Jama'a, ban san mota na da wuraren ɓuya haka ba sai ranar. Suka cire kujerar baya suka jingine ta da shinge. Suka naɗe kafet. Suka ɓalle fatun ƙofofi huɗu. Suka fito da safaya, wani ya ɗaga ta ya gwada da ta baya ya yi dariya. Wani ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi yana ƙwanƙwasa ko'ina da sifana yana kasa kunne. Goron Baba Isuhu da kular abinci suna ajiye a ƙasa a rana. Abin da suka tono kuwa, takardun gwajin 'yan aji huɗu da na rantse wa shugaban makaranta na gama makawa, da takalmi ƙafa ɗaya, da wata takarda a ninke a aljihun gaba.

Jami'in ya warware ta, ina jin ya zaci sunayen masu kaya ne. Ya karanta a fili, da murya irin ta mai sanarwa.

"Hirar da zan yi da Alhaji a hanya. Na ɗaya, in tambaye shi labarin tuƙin da. Na biyu, in ce ni ma ina sha'awar inji tun ina yaro. Na uku, kada in yi dariya da ƙarfi. Na huɗu, in ya yaba tayoyin in ce ai ba komai ba ne."

Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar Jibiya kuwa tauri gare ta.

Zuwa lokacin an taru. Direbobin da ke jiran a duba takardunsu, masu canji, masu sayar da ruwa, kowa ya matso. Da farko abin kaina nake ji, shaddata da ta jiƙe da gumi, da yadda labari zai riga ni isa makaranta. Sai wani tsohon direba, sa'an Alhaji, ya ratso taron ya tsaya a kansa ya riƙe haɓa.

"Ilu? Kai ne cikin motar hito? Bayan tsuhwa? Kai da kake yi muna wa'azi tasha?"

Alhaji bai ɗago ba. Na ga yadda ya damƙe carbin. Wallahi a nan dariyar abin ta fita daga raina, tausayi da kunya suka rufe ni. Mutum ya yi shekara arba'in yana tsare sunansa, ni na zo da tayoyi biyu na ja shi a ƙasa cikin hantsi ɗaya. Na san Saratu ta kuɓuce mini, wannan na riga na haƙura. Amma na ce ko ba komai ba zan bar dattijon nan da wannan tabo ba.

Na tako tsakiyar fili na ɗaga murya irin ta asambali.

"Jama'a ku saurara! Alhaji bai san komai ba. Yau ya fara ganin motar nan a haka. Ni ban taɓa fito ba, ban ma san hanyar dajin ba. Ni malamin makaranta ne, 'yarsa nake nema."

"To malam," in ji jami'in, "in ba lodi kake yi ba, me ya kai ka sa mata waɗannan tayoyin har ka ɗaga ta?"

Da ina da wata ƙarya mai mutunci da na yi ta. Babu. Na ce, "Gayu ne."

"Me?"

"Gayu. Don in burge Alhaji."

Na ciro waya na nuna masa hoton jar motar tseren da na kwaikwaya. Ya duba hoton, ya duba tawa da ke tsaye ba kujera ba fatun ƙofa, gindi a sama. Ya miƙa wa na kusa da shi. Wayata ta zagaya taron nan hannu zuwa hannu, duk inda ta isa sai dariya ta tashi. Wanda ke ƙarƙashin mota ya fito yana tambayar me aka yi, aka nuna masa, ya koma ya kwanta a kan kwalinsa yana riƙe ciki.

Sai Alhaji ya miƙe.

"Malam," ya ce, "tambaya guda. Motar ga taka, da gaba take ja ko da baya?"

Shekara guda ina tuƙa ta. Kimiyya nake koyarwa. Na duba motar ko za ta taimake ni, ba ta taimake ni ba. Na yi irin abin da nake hana ɗalibai, na yi canke.

"Da... baya?"

Ya kama hannun rigata ya ja ni gaban motar, ya sa aka karya sitiyari, ya nuna mini wani ƙarfe da ya fito daga inji ya shiga cikin tayar gaba.

"Ka ga sandan ga? Shi ka juya taya. Je ka baya ka nemo mani irinai. Babu. Ta hoton can, ƙarhinta baya yake, shi ya sa anka ba ta manya baya, kuma haka masu ita sunka ƙera ta. Taka da gaba take ja, da gaba take kwana, da gaba take cin birki. Na baya rakiya kawai sukai. Ka saya ma 'yan rakiya manyan takalma, ka bar masu aikin da silihwas."

Tsohon direban nan da ya tsokane shi ya yi dariya har da tari, ya dafa kafaɗar Alhaji yana cewa, "Yi haƙuri Ilu, na ɗauki alhakinka. Ashe ba ɗan hito ba ne, ɗan boko ne."

Ba su samu komai ba, dama me za su samu. Suka mayar da abin da ya mayu. Jami'in ya zuba mini kusoshi shida a tafin hannu ya ce bai san inda suka fito ba, in adana. Na zaci Alhaji zai ce a juya gida. Sai kawai ya miƙo mini hannu, na miƙa masa nawa in gaisa, ya ce, "Makulli."

Haka aka ƙarasa tafiyar. Dattijon da ya ajiye tuƙi da daɗewa yana kan sitiyari, ni mai mota ina baya a kan kujerar da ba a ɗaure ba, na rungume kular abinci, duk birkin da ya taka sai mu tafi gaba ni da kujerar mu dawo. A shingen Nijar 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, suka taso da ganinmu, Alhaji ya leƙa ya faɗa musu wata magana gajera da ban ji ba. Suka leƙo suka dube ni, suka yi dariya, suka ɗaga sanda. Har yau ban tambayi abin da ya ce ba, kuma ba na son sani.

A Ɗan Isa muka tarar da Baba Isuhu a zaure a kan buzu, tsoho tukuf, kunnensa ya yi nauyi. Na tsuguna na gaishe shi, ya ƙare mini kallo, ya ce, "Wanga ne mushen lakkwal ɗin?" Wato malamin makaranta, a bakin mutanen can. Aka ce shi ne. Ya ce in ɗan jira a waje. Na fita na zauna a gindin bedi kusa da motar, ina tsara yadda zan nemi canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa inda ba a san taya ba.

Ban yi niyyar saurare ba. Amma mai magana da Baba Isuhu dole ya ɗaga murya, don haka duk unguwar ta ji, har da ni.

"Ilu, na leƙa na ga motar. Ɗan hito ka kawo mani?"

"A'a, Yaya. Zauna ka ji. Kowa ya zo neman ɗiya, bincike akai, a tambayi maƙwabta, su hwaɗi abin da sunka ga dama. Wanga kau hukuma da kanta ta bincika mani shi, gabana, ban roƙa ba. Sun kwance motar har ƙasa. Babu komi ciki."

"Babu komi?"

"Babu komi. Ina jin cikin kan nasa ma haka abin yake."

Na sunkuyar da kan da ake magana a kansa.

"To mi ya sa ka iso da shi?"

Sai na ji Alhaji ya ce, "Da ya ga ana shirin ɓata mani suna, ba wanda ya tilasta shi, ya tashi gaban mutane ya tona ma kansa asiri. Ya zaɓi a yi mashi dariya da a zarge ni. Wanda ya yi mani haka ba ya wulaƙanta mani ɗiya."

"Ashe wauta ce kawai," in ji Baba Isuhu. "Wauta ai ba haram ba ce. Saratu na da wayon mutum biyu, ta ranta mashi. Ka ce manyansa su taho. Amma kada a kuskura a ɗauko mani jika... a'a, ɗiya, cikin wagga aba."

Ina zaune a gindin bedi, ga kusoshi shida a aljihu, hawaye ya zubo mini, ban san na murna ba ne ko na takaici. Ina jin duka biyun ne.

Saratu da labari ya iske ta (ya riga mu isa gida, ba sai an faɗa ba) ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, kuma yau shekarunmu da aure amma in na fara kawo wata sabuwar dabara a gida sai ta ce, "Malam, wannan da gaba take ja ko da baya?" Sai in jawo kofi in sha ruwa.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka yi wata shiga a garin mutane, tambayi su wa ke irinta. In mai faci ya ce maka a'a, to digirinka ya jira a waje. Sai dai kuma ba na raina abin da Allah ya yi mini, domin surukan Alhaji biyar ne, akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin asibiti, akwai mai gonaki a Daddara, duk sun fi ni abin hannu, wataƙila har da abin kai. Amma a cikinmu duka, ni kaɗai ne hukuma ta tantance.